Ba Tuwon Monica Ba Ne

Shafi na 34

Na ga saƙonninku duka. Masu cewa na bar su tsaye a ƙofar asibiti na yi tafiyata, ku yafe ni, wayata ce ta faɗa ruwa. Masu zagin Gwaggo Talatu kuma, ku ɗan sassauta harshe har ku kai ƙarshen shafin nan.

*

Tun kafin Leah ta sallami ɗan kabu-kabu ta ji ƙarar diga daga cikin gidansu.

Ta tsaya da ledar magani a hannu tana saurare. Kaka ce ta shekarar 2006, dawa ta nuna, duk wani mai ƙarfi a Zuru yana gona. Ba lokacin gini ba ne, balle a gidan da maigida ke kwance.

Ta tura ƙyauren langa-langa ta shiga.

Ƙaninta Prosper ne, ya tuɓe riga, yana saran ƙasa a tsohuwar madafar mahaifiyarsu. Ba a sake hura wuta a madafar nan ba tun ranar da aka kori mahaifiyar tasu, Monica, daga gidan da sunan mayya, shekara goma ke nan. Gwaggo Talatu, ƙanwar babansu, tana tsaye a kansa, ta ci ɗamara da ɗankwali, tana nuni da yatsa.

"Gindin murhu na ce maka. Nan aka ce an binne."

"Wa ya ce?" in ji Leah.

Talatu ta juyo, ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a, Likita ta dawo. Mai addu'a ne ya ce, na wajenmu Dirin Daji. Ya yi azumi a kan babanki, aka nuna masa tukunya a ƙarƙashin murhun uwarki."

"Prosper, ajiye digar nan."

Prosper ya share gumi da bayan hannu. Ya dubi yayarsa, ya dubi gwaggonsa.

"Sista, ni dai cewa aka yi in haƙa."

"Ni kuma na ce ka ajiye."

Ya jingine ta da bango.

Can gindin mangwaro babansu, Saje Dawuda, yana kwance a kan gadonsa na soja. Mutumin da ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya dawo ko ƙwarzane babu, yau wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idonsa a rufe, amma Leah ta san ba barci yake yi ba. Kusa da shi a kan benci Baba Muntaka ne ke jan carbi, tsohon abokinsa na soja da yanzu yake fataucin hatsi a Bena. Shi ne ya buga mata waya har Afirka ta Kudu, inda take karatun digiri na uku, ya ce ta zo, jikin babanta ya ƙi.

Jiya suka dawo daga asibitin koyarwa. An zura wa Dawuda siririn bututu mai kyamara, Leah tana tsaye kusa da likitan, ta ga cikin hanjin ubanta a allo. Tsiro ne ƙanana birjik, kamar an watsa gero a tabarma. A tsakiyarsu ga wani babba da ya riga ya zama kansa, wato ciwon daji.

"Gwaggo," ta ce, "shekarar Mama huɗu a ƙasa."

"Ita ta mutu. Abin da ta binne bai mutu ba."

"Me ta binne?"

"Abin da ta ci Bawa da shi! Abin da ta ci Ishaya da shi! Ƙannen mijinta biyu, ciwo iri ɗaya, jini ta ƙasa, rama, sai kabari. Bai ishe ta ba, ta biyo ni har Dirin Daji ta ɗauke mini Divine bara, ɗana guda ɗaya tilo. Yanzu ga Yaya a kwance. Wa ke dafa musu tuwo? Ba ita ba?"

Leah ta ajiye ledar magani a kan turmi. Ta naɗe hannu a ƙirji.

"Matar Baba Bawa tuwon wa take ci?"

"Me ya kawo matar Bawa?"

"Tambayarki nake yi. Tukunya ɗaya ce a gidan nan. Ta ci ko ba ta ci ba?"

"Ta ci."

"Tana nan da ranta. Matar Baba Ishaya ma ta ci, tana Legas, ta fi ki ƙiba. Samarin da suka yi golmo a gonarmu fa, suna noma don a ba su 'yan matan gidan nan, shekara nawa suna cin tuwon Mama? Akwai wanda ya zubar da jini a cikinsu?"

"Mayya tana zaɓe."

"To ta iya zaɓe. Sai jinin Kaka, mahaifiyarku, kaɗai take zaɓa. Ita Kakar da me ta mutu?"

Leah ta matso kusa da ita.

"Ke kika yi jinyarta, Gwaggo, kina yarinya. Ke kike wanke zannuwanta a rafi. Da bakinki kika ba mu labari. Da me ta mutu?"

"Basir ne."

"Basir ne ya ramar da ita har ake ɗaukarta kamar jariri? Lokacin Mama tana firamare a Manga, ko sunan gidan nan ba ta taɓa ji ba."

Baba Muntaka ya ɗaga kai daga carbinsa.

"Ɗiyata, zamna. Magana a tsaye ba ta da daɗi."

"Ka gafarce ni Baba, yau a tsaye zan yi ta."

Talatu ta yi wata guntuwar dariya, ta tafa hannu.

"Ka ji mini yarinya. An tura ta karatu ta dawo tana tuhumar iyayenta. Karatun me ma kike yi? An ce ko allura ba kya yi wa mutane, kwalabe kike wasa da su."

"Haka ne, ba na yi wa kowa allura."

"To?"

"Ciwon nan nake rainon sa."

Prosper ya zaro ido. "Raino kuma, Sista?"

"Raino. Ana yanko ɗan naman kansa daga hanjin mai ciwo, mu raba ƙwayoyinsa a ƙananan faranti, mu ba su abinci, mu ajiye su a wuri mai ɗumin jikin mutum. Kullum da safe su nake fara dubawa. Na san su fiye da yadda na san ƙawayena."

"Yesu!" in ji Talatu. "Ashe gado kika yi."

Maganar ta soki Leah har ƙashi. Ta juya wajen gadon.

"Baba, na san kana ji. Da yaren bariki zan faɗa, don kai nake so ka gane."

Dawuda bai motsa ba.

"Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai umarni dubu-dubu da muka gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Amma ba duka ake bi a lokaci ɗaya ba. Akwai wasu sinadarai, furotin ake ce musu, da aikinsu ke nan, su hau kan umarnin su ce a bi wannan, a rufe wancan. Kamar saje a fareti. Sojoji sun san tafiya, sun san tsayawa, amma sai ya buɗe baki."

Prosper ya matso, ya tsuguna a bakin madafa.

"A hanji akwai wani saje da umarninsa ɗaya ne tak: ku hayayyafa. Ana bukatarsa, don fatar cikin hanji kullum gogewa take yi ana sabunta ta. Sai dai an ba shi mai gadi. Da aiki ya ƙare, mai gadin ya kama shi ya kawar da shi. In mai gadi ya lalace, sajen nan sai ya taru ya yi yawa, ya shige can tsakiyar ƙwaya inda umarni yake, ya zauna, ya yi ta ihu ku hayayyafa, ku hayayyafa, ba dare ba rana. Ina shafa masa wani launi don in gan shi a madubin bincike. Kore shar yake fitowa, cunkushe a inda bai kamata ya kwana ba. Shi ne tsiron da na gani jiya a cikinka."

"To mi ke lalata mai gadin?" in ji Muntaka a hankali.

"A wajen yawancin mutane, tsufa ne da tsautsayi. A gidanmu kuwa, da shi a lalace ake haihuwarmu. Kaka ta ba wasu daga cikin 'ya'yanta, su ma suka ba wasu daga cikin nasu. Kowane ɗa, ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Ba a tukunya yake ba, Gwaggo. Ko Prosper ya haƙa har ya tarar da ruwa ba zai same shi ba."

"Ƙarya kike yi," in ji Talatu, amma muryarta ta ragu. "Kin je kin haɗo turancinki don ki wanke uwarki."

"Don in wanke ta na shiga karatun, wannan gaskiya ne. Ina 'yar shekara sha bakwai na tsaya a ƙofar nan ana jifan kayanta waje. Ke kika jefa tukunyar miyarta ta fashe a kan hanya. Ta koma Manga tana soya ƙosai, ba mai saye, yara suna gudu in sun hango ta. Ko a coci benci guda ake bar mata ita kaɗai. Amma ba turanci na kawo miki ba."

Ta kama gefen rigarta ta ɗaga.

Muntaka ya kawar da kai da sauri. "Subhanallahi!"

Tabon ɗinki ne, dogo, ya taso daga saman cibiya ya gangara ƙasa.

Dawuda ya buɗe ido.

"Mene ne wannan?"

"Gadona ne, Baba. Da na fara gane abin da nake karantawa, sai na ce a duba ni. Aka samu tsiron nan a cikina, ba su kai ga zama kansa ba tukuna. Farkon shekarar nan aka cire mini babban hanji gaba ɗaya. Ni kaɗai a ƙasar mutane, ba wanda ya riƙe mini hannu."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Na faɗa maka abin da ya fi wannan. Ina iya tashi zaune na buga wayarka, don ita kaɗai ce waya a gidan nan. Na ce ka kai Prosper asibiti, ka kai Gwaggo, ka kai 'ya'yan Baba Bawa da na Baba Ishaya, a duba hanjin kowa. Ka ce to. Ka ce za ka gaya musu."

Ta saki rigar, ta juya.

"Prosper, an gaya maka?"

Prosper ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ke fa?"

Talatu ko kallonta ba ta yi ba. Yayanta take kallo.

Dawuda ya juya fuska wajen bango. "Na gaji. Ku bar ni in huta."

Nan Baba Muntaka ya tura carbinsa cikin aljihu. Ya juya wajen gadon.

"Dawuda, ka hwaɗa musu, ko ni in hwaɗa?"

"Muntaka!"

"Wallahi na gaji da ɗaukar wanga kaya. Gemuna ya yi hwari. Ban san ranar da za a kira ni ba."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi. Ban san alkawalin zai ci rai ba."

Leah ta juya gare shi. "Baba Muntaka, me kake nufi?"

Tsohon ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Ɗiyata, abin da kika hwaɗa yanzu, ba yau na hwara jin shi ba. Lokacin da Ishaya ya rasu a asibitin sojoji, ni da babanki munka tahi ɗauko gawa. Likitan da ya yi mashi aiki ya kira mu ohis. Ya tambayi babanki ko an taɓa wanga ciwo a gida. Babanki ya ce mashi Bawa, ya ce mashi tsohuwa. Likita ya aje biro ya ce, Saje, wanga na gado ne. Ka kawo duk wanda kunka haɗa jini a duba shi, da kai kanka. Ya ce in anka kama shi da wuri ana tsira. Ina zamne, da kunnena na ji."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida tana tsattsagar ƙasar da Prosper ya tono.

"A mota babanki ya ce in rantse ba ni hwaɗa ma kowa. Na rantse. Munka iso da gawa, anka yi jana'iza. Ba a share makoki ba na ji an kori Monica."

Leah ta taka har bakin gadon. Ba ta san lokacin da ta isa ba.

"Ka sani."

Ta sunkuyo kusa da kansa.

"Baba, kai nake yi wa magana. Ranar da ake jifan kayanta kana zaune a kujerar can da rediyonka. Ka sani?"

Dawuda ya dafa gadon, ya yunƙura da ƙyar ya zauna. Muntaka ya miƙa hannu zai taimake shi, ya ture hannun.

"Ni ban taɓa cewa mayya ce ba. Ki tambayi kowa. Da bakina ban taɓa faɗa ba."

"Ba ka faɗa ba. Ka ƙara muryar rediyo."

"Gida na tsare!"

Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ci gaba, yana nuna su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"'Yan mata nawa ne a gidan nan lokacin? Na Bawa, na Ishaya, ga ke. In gari ya ji akwai ciwo a jininmu, wa zai zo ya yi mana golmo? Wa zai ba Prosper mata? Wa zai ɗauki ɗan gidan nan soja? Daga nan har Dabai za a riƙa nuna mu da baki. Kuma ki ji abin da likitan ya ce a yi. In tara ƙannena da 'ya'yana mata, in kai su a zura musu roba ta dubura. Ni Dawuda?"

"Jiya an zura maka."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Maganar maita ba ni na tayar da ita ba, a ƙasa na same ta. Na duba na ga Monica 'yar wani gida ce. In ta tafi, sunan ya bi ta, gidan ya tsira. Na ce in ƙura ta lafa zan dawo da ita."

"Ka dawo da ita?"

"Abubuwa sun yi yawa."

"Ko jana'izarta ba ka je ba."

"Ina zuwa a ce me?"

Leah ta tsaya tana kallonsa. Shekara da shekaru tana tsara abin da za ta faɗa ranar da gaskiyar mahaifiyarta ta fito. Ta tsara shi a cikin mota, ta tsara shi a ɗakin bincike tana jiran ƙwayoyinta, ta tsara shi a gadon asibiti. A duk tsarin nan Gwaggo Talatu ce a gabanta. Ba ta taɓa shirya ko kalma ɗaya don ubanta ba.

"Kullum in na je Manga," ta ce a hankali, "sai ta tambaye ni ko kana cin abinci. Tana cewa ba ka son miyar kowa."

Dawuda ya runtse ido.

Wani irin sauti ya fito daga bayansu, kamar an taka ɗan akuya. Talatu ce ta zube a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ɗamarar ta kwance.

"Yaya."

Bai dube ta ba.

"Yaya, da Divine ya fara ciwo, wajenka na fara zuwa. Nan, gindin bishiyar nan. Na ce maka jini yake zubarwa kamar Ishaya. Me ka ce mini?"

Ta ba kanta amsa.

"Ka ce in kai shi wajen addu'a."

"Talatu..."

"Na kai shi. Babu dutsen da ban hau da shi ba. An shafa masa mai, an ba shi saiwa ya sha har yana amai. Yana ce mini Mama, mu je asibiti, ina ce masa wannan ba na asibiti ba ne. Da ya mutu na hau mota na je Manga, na tsaya a kan kabarin Monica na tsine mata da rana tsaka, mutane suna kallo."

Ta rarrafo ta kama ƙafar Leah.

"Ke kin yi karatu. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Da an duba shi tun lokacin da likitan ya ce, zai rayu?"

Leah ta dubi hannun da ke riƙe da ita. Hannun da ya fasa tukunyar uwarta ne. Ta so ta ce ba ta sani ba. Ta so ta ce rai na Allah ne, yadda kowa ke cewa.

"Da yana nan, Gwaggo. Da tabo ne kawai a cikinsa irin nawa."

Talatu ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, kamar ana gaya mata farashin kasuwa.

"Kin ce daga uwa ko uba ake ɗauka. Ubansa mutumin Sakaba ne, ba jininmu ba."

Leah ta kawar da kai, Talatu ta ƙara damƙe ƙafarta.

"Daga wa ya ɗauka?"

"Gwaggo, ki bari."

"Ni ce ko? To ni me ya sa ina nan garau? Me ya sa bai ci ni ba ya ci yarona?"

"A jikin wani yana gaggawa, a jikin wani yana jinkiri. Akwai wasu furotin da ke ƙara wa sajen nan murya, akwai masu rage masa. Abin da nake bincike ke nan, kuma har yau ban gama ganewa ba. Amma ke ma sai an duba ki, kuma ba da daɗewa ba."

"A duba me?" Ta saki ƙafar. "A tsirar da ni in yi me?"

Ta miƙe da kanta. Ta karkaɗe zaninta, ta ɗaura ɗankwali a kai da kyau kamar mai shirin zuwa coci. Sannan ta tsaya a gaban yayanta ta yi masa magana da C'lela, yaren da uwarsu ta raine su da shi, ba ihu, ba kuka.

"Ka sa na kashe ɗana, ka sa na zagi gawa. In ka mutu kada a aiko mini."

Ta fita. Ko ƙyauren ba ta ja ba.

Muntaka ya tashi ya bi ta yana kira, "Talatu, tsaya ki ji, rana ta yi zahi, bari in samo maki mashin." Muryarsa ta yi nisa.

Dawuda ya koma ya kwanta. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Maganar nan kada ta fita. Bikin Prosper bayan Kirsimeti ne. Yaron ya gama nomansa a gidan surukai, saura ɗaurin aure. In suka ji, sun fasa."

Leah ta yi dariyar da ba ta san tana da irinta ba.

"Har yanzu, Baba?"

"Ina roƙonki."

"Ranar Lahadi zan je Manga. Zan tsaya a cocin da aka bar mata benci ita kaɗai, in faɗi abin da Baba Muntaka ya faɗa. Wanda zai fasa ya fasa."

Ta ɗauki ledar magani, ta ɓallo ƙwayoyin da likita ya rubuta, ta zuba ruwa a kofi ta ajiye masa a kan benci inda hannunsa zai kai. Ba ta ɗaga kansa ba kamar yadda ta yi da safe.

Ta zagaya bayan rumbu, inda ba mai ganinta, ta dafa bango. Kukan ya ƙi zuwa.

Ta ji taku a bayanta.

"Sista."

Prosper ne. Ya mayar da rigarsa, ya saka maɓallan a karkace.

"Kada ka roƙe ni, Prosper. In yarinyar tana sonka za ta jira a duba ka. Gobe ma za mu koma asibitin ni da kai."

"Ba wannan ba ne."

"To mene ne?"

Ya waiga wajen gindin mangwaro, ya matso kusa, ya rage murya.

"Da kika ce in an kama shi da wuri ana tsira. Wurin nan, zuwa yaushe ne?"

"Kafin tsiron ya juya. Tun mutum bai fara jin komai ba."

"In ya fara fa?"

Leah ta saki bangon.

"Fara me?"

"In mutum ya zagaya, ya ga jini."

"Prosper, dube ni. Wane mutum?"

Ya ƙi ɗago kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a binne Divine."